Neman shawara: manhajar shagon sari da Flutter da Firebase, na maƙale a wuri uku

Mai tambaya, Ƙofar Marusa:

Assalamu alaikum manyana. Ina haɗa wa kawuna manhajar waya ta rubuta ciniki. Shagon sari ne na shinkafa, sukari, taliya da man gyaɗa a babbar kasuwar Katsina, da reshe a Daura, kuma yaransa na kai kaya kasuwannin Mashi da Mai'aduwa inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa. Wayoyi biyar ne, kaya kala 800, ciniki kusan 300 a rana. Da Flutter (kayan Google na haɗa manhajar waya) da Firebase (hidimar Google ta ajiye bayanan manhaja a intanet) nake aiki, komai ta tagar umarni, don laftof ɗina mai RAM 8 ce kuma Android Studio na danne ta.

Ga inda na maƙale. Na buga `firebase deploy --only functions`, ya ce sai na koma tsarin Blaze na biya. In babu sabis kuma, aka danna maɓallin adana ciniki sai ya yi ta juyawa bai tsaya ba. Sannan APK ɗin, wato fayil ɗin sa manhaja a waya, da na fitar na ba kawu ya ƙi shiga da Google, yana kawo `ApiException: 10`, alhali a wayata ta gwaji lafiya lau. Shin in biya Blaze ɗin? In sa ta a Play Store ne? Ku taimaka mani, Allah ya saka.

Wani injiniya, Ƙofar Ƙaura:

Wa alaikumus salam. Ƙanena, kada ka sa kati tukuna. Ka fara tambayar kanka: me functions ɗin, wato ƙananan ayyukan da Firebase ke gudanarwa a ɓangarenta ba a waya ba, zai yi maka? In rage adadin kaya ne bayan ciniki, wayar da kanta za ta iya, kuma ma ta fi dacewa, domin functions ba ya tashi sai rubutun ya isa saba, wato kwamfutar Firebase da ke intanet. Yaron da ke Mai'aduwa ba sabis zai ga buhu 40 a allo alhali ya sayar da 12.

Maganar maɓallin da ke juyawa ita ce babba, bari in tsaya a kanta. Firestore, ma'ajiyar bayanai ta Firebase, a Android tana ajiye rubutu a cikin waya tun asali, ba sai ka kunna komai ba. Abin da ke riƙe ka shi ne `await`. Idan ka rubuta `await doc.set(...)`, ba zai sake ka ba sai saba ta amsa cewa ta karɓa, kuma ba sabis ba amsa. Rubutun ya riga ya shiga ma'ajiyar wayar, allonka ne kawai ke jiran abin da ba zai zo ba. Ka cire `await` ɗin, ka kama kuskure da `catchError`, ka rufe shafin nan take. Jerin ciniki kuma ka ɗauko shi da `snapshots(includeMetadataChanges: true)`, duk wanda `hasPendingWrites` ɗinsa ke kunne ka sa masa alamar agogo, mai shago ya san wannan bai hau ba tukuna.

In kuwa `runTransaction` ka yi amfani da shi, cire shi gaba ɗaya, ba ya aiki sai da intanet. Ka koma `WriteBatch`: takardar ciniki guda, sannan kowane kaya ka rage shi da `FieldValue.increment(-3)` ko nawa aka saya. Kada ka karanta adadi ka cire ka mayar. Misali sukari buhu 50 ne, Katsina ta sayar da 5 ta rubuta 45, Daura ta sayar da 10 ta rubuta 40. Wanda ya isa saba daga baya shi ne zai zauna, alhali gaskiyar 35 ce. Da `increment` saba ce ke cirewa ɗaya bayan ɗaya, lissafi ya fito daidai ko wa ya riga isa.

Kuɗi ka ajiye shi da kwabo a cikakkiyar lamba, ba mai ɗigo ba. Lambar rasit kuma ba za ta yiwu a jere ɗaya ga wayoyi biyar ba. Ka ba kowace waya harafinta, K ko D ko M, ta riƙa ƙirga nata.

Wata malama mai haɗa manhaja, Daura:

Injiniya ya gama magana kan rubutu. Ni karatu nake jiye maka, wato ɗauko bayani daga Firestore. Tsarin Spark na kyauta yana ba ka rubutu 20,000 da karatu 50,000 a rana, da wurin ajiya gigabait 1. Ciniki 300, kowanne da kaya huɗu, rubutu biyar-biyar ke nan, 1,500 a rana. Ko kusa ba ka je ba.

Amma duba karatu. Kaya 800, in kowace waya tana jawo jerin duka duk lokacin da aka buɗe shafin, wayoyi biyar sau ashirin-ashirin, karatu 80,000 ke nan. Kafin la'asar manhaja ta tsaya cak, kuma ƙidayar ba ta sabuntawa sai tsakar daren yammacin Amurka, wato ƙarfe 8 ko 9 na safe agogonmu. Ko da `snapshots` kake saurare, idan waya ta wuce minti 30 a katse, dawowarta ana lissafa ta kamar sabuwar tambaya ce. Ga masu yawon kasuwannin ƙauye kuwa wannan kullum ne.

Maganinsa: kowane kaya ka ba shi filin `updatedAt` da `FieldValue.serverTimestamp()`, ka sabunta shi duk lokacin da ka taɓa kayan. Waya ta riƙe lokacin da ta yi jawowar ƙarshe, ta tambayi abin da ya canja bayan nan kaɗai, sauran ta karanta da `Source.cache`, wanda ba a cajinsa.

Sai dokokin tsaro, masu faɗin wa zai iya karantawa ko rubutawa. In lokacin buɗe Firestore ka zaɓi yanayin gwaji, to ƙofar a buɗe take ga kowa, kuma bayan kwana 30 za ta rufe, komai ya koma `permission-denied`. Ka rubuta naka a `firestore.rules`: ma'aikaci ya iya ƙirƙirar ciniki, amma ba gyara ba gogewa. Wanda ya yi kuskure ya shigar da ciniki na mayarwa, sawun ya zauna. Wannan zai raba kawunka da yaransa da zargi. Ka tura da `firebase deploy --only firestore:rules`, wannan ba ya neman Blaze. Ka lura da abu guda mai zafi: rubutun da aka yi ba sabis, sai ya isa saba ake auna shi da doka. In doka ta ƙi shi, zai ɓace daga wayar bayan an riga an ba mutum kaya. Don haka kada ka taɓa canja doka da rana tsaka yara suna kasuwa.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai Injiniya, na gode Malama. To yaya zan gwada dokokin ba tare da na taɓa bayanan shago ba? Kuma data na ƙare mani sosai wajen gwaji.

Wani ɗalibin kwamfuta, Dutsin-Ma:

Yaya, sabar gwaji za ka tayar a laftof ɗinka. Ka buga `firebase init emulators`, ka zaɓi Authentication da Firestore, sannan `firebase emulators:start --import=./gwaji --export-on-exit`, don in wuta ta sa ka rufe kada bayanan gwajin su tafi. Tana buƙatar Java, kuma sau ɗaya take sauke kayanta. Firestore na zama a ƙofa 8080, shiga a 9099, shafin dubawa a 4000. Ka haɗa waya da kebul, ka buga `adb reverse tcp:8080 tcp:8080` da `adb reverse tcp:9099 tcp:9099`, a manhaja ka kira `useFirestoreEmulator('localhost', 8080)`. Shi ke nan, ba data.

Injiniyan Ƙofar Ƙaura:

Daidai ne, amma da saura, kuma nan mutane ke kwana. A Android, FlutterFire, kayan da ke haɗa Flutter da Firebase, na juya `localhost` da kanta zuwa `10.0.2.2`, adireshin da wayar kwaikwayo, wato wadda ake kunnawa a cikin kwamfuta, ke ganin kwamfuta da shi. Waya ta gaske ba ta san wannan adireshi ba. Sai ka ƙara `automaticHostMapping: false` a kiran biyu, na Firestore da na shiga. Sannan daga Android 9 zuwa sama an hana haɗi mara rufi, wato wanda ba a ɓoye bayanansa ba, don haka ka sa `android:usesCleartextTraffic="true"` a AndroidManifest na foldar `debug` kaɗai, kada ya shiga na `main`. Kiran sabar gwajin ma ka kulle shi cikin `if (kDebugMode)`. Kuma `--export-on-exit` sai ka tsayar da saba da Ctrl+C yake adanawa. In batir ya mutu kwatsam bai adana ba.

Ka buɗe aiki biyu a Firebase, na gwaji da na shago, ka yi masu laƙabi da `firebase use --add`. Kafin kowace turawa ka buga `firebase use` ka ga inda kake tsaye.

Batun laftof: buɗe `android/gradle.properties`, ka duba `org.gradle.jvmargs`. In ka ga `-Xmx` ya kai 4G ko 8G, mayar da shi 2G. Kada ka kunna wayar kwaikwayo sam. Gini na farko shi ke shan data, domin Gradle, manhajar da ke gina APK, na sauke kayansa zuwa foldar `.gradle` da ke gidan mai amfani. Ka yi shi inda sabis ke da ƙarfi, kuma kada ka goge foldar nan don neman fili. `flutter pub get --offline` na aiki da abin da ka riga ka sauke.

Wani dattijo a harkar, GRA Katsina:

Babu wanda ya taɓa kuskure mai lamba 10, kuma a nan ne asara za ta iya fitowa, ɗana, don haka ka karanta a tsanake.

Kowane APK da makulli ake sa masa hannu. Shiga da Google na duba zanen yatsan makullin, wato SHA-1, in bai yi daidai da wanda ka yi wa rajista a Firebase ba, sai ya kawo 10. Kai na makullin gwaji ka shigar, wanda ka ba kawunka kuma da wani aka sa masa hannu. Shiga foldar `android` ka buga `gradlew signingReport`, zai nuna maka SHA-1 na kowane nau'in gini. Ɗauki na `release`, ka shigar da `firebase apps:android:sha:create` tare da lambar manhajar, ka sake buga `flutterfire configure` don sabon `google-services.json` ya sauko, ka sake gini.

In ba ka ƙera makulli naka ba tukuna, yi shi yau: `keytool -genkey -v -keystore upload-keystore.jks -keyalg RSA -keysize 2048 -validity 10000 -alias upload`. Kalmomin sirrinsa su zauna a `key.properties`, kuma shi da fayil ɗin kada su hau Git, inda ake ajiye rubutun manhaja. Ka kwafe shi a filas biyu, ɗaya a gida, ɗaya a hannun kawunka cikin akwatin da yake ajiye takardun shago.

Ga dalilin da na matsa. Android ba ya yarda sabon APK ya hau kan tsoho sai makullinsu ɗaya. In ya bambanta, sai an cire tsohon. Cire manhaja kuwa yana share ma'ajiyarta, har da cinikin da ke jiran sabis. Ka ɗauka yaro ya dawo daga Mashi da ciniki 60 masu alamar agogo, ka ce masa ya cire ya sa sabuwa. Kuɗin na aljihunsa, kayan sun fita, littafi babu komai. Don haka ka sa wa manhajar wuri a fili da ke nuna adadin cinikin da bai hau ba, kuma doka ce: ba a cirewa, ba a goge bayanan manhaja, ba a fita daga asusu, sai lambar nan ta koma sifili.

Play Store kuwa ba ka buƙatarta ga wayoyi biyar. Rajista dala 25 ce sau ɗaya, sai AAB, wani nau'in fayil daban da APK, suke karɓa ga sabuwar manhaja tun Agustan 2021, kuma sabon asusun mutum ɗaya sai ya yi gwajin rufe da mutum 12 na kwana 14 a jere kafin a bar shi ya fito fili. Buga `flutter build apk --split-per-abi`, zai ba ka fayil uku ƙanana a maimakon ƙato guda. Yawancin wayoyin yanzu `arm64-v8a` ne, ƙananan Itel da tsofaffin Tecno kuma da yawansu `armeabi-v7a`. Don ka tabbatar, `adb shell getprop ro.product.cpu.abi`. Kowane sabon gini ka ƙara lambar da ke bayan alamar tarawa a `pubspec.yaml`, daga `1.0.0+1` zuwa `+2`.

Malamar Daura:

Baba ya faɗi gaskiya. Sai dai ban so ka tafi da cewa Blaze ba za ta taɓa zama dole ba. Ranar da kawu ya ce yana son hoton kaya ko na rasit, Cloud Storage yanzu sai da Blaze, haka ma shiga da lambar waya ta saƙon tes. Idan ranar ta zo, kason kyauta na Firestore yana nan, abin da ya haura ake caja. Amma ka sani, faɗakarwar kasafi da za ka saita imel kawai take aiko maka, ba ta tsayar da caji. Shi ya sa gyaran karatun nan ya zo kafin kati.

Rabawa kuma, maimakon tura APK ta WhatsApp har a rasa wanne ne sabo, akwai `firebase appdistribution:distribute`, kyauta ne, ka ba shi fayil da `--app` da `--groups`, kowa ya sami sanarwa ta imel ɗinsa.

Mai tambaya:

Allah ya ƙara girma Baba, Allah ya saka wa kowa. Na cire `await`, maɓallin ya daina juyawa. Na duba `signingReport` kuma, ashe wanda ke wayar kawu da makullin gwajin tsohuwar laftof ɗina aka sa masa hannu, kuma an riga an fara rubuta ciniki da shi ta asusun imel da kalmar sirri. Yaya zan mayar da su kan sabon makulli?

Dattijon GRA:

Sau ɗaya za ka yi cirewar, ka yi ta da tsari. Ka zaɓi dare bayan an rufe shago. Tara wayoyin biyar inda sabis ke da kyau, har da ta Daura, ka buɗe manhajar a kowacce ka bar ta ta tura abin da ke cikinta. Buɗe shafin Firebase ka ƙirga cinikin ranar na kowace waya, ka gwada da littafin hannu na kawunka. Wadda lissafinta ya cika, cire tsohuwar, sa sabuwa, shiga, yi cinikin gwaji na naira ɗaya ka ga ya hau, ka mayar da shi. Wadda bai cika ba, kada ka taɓa ta sai an kwafe abin da ya rage a takarda.