Waɗanne mata za mu ba 'yan matanmu su fito da labarinsu a walimar bana?

Malama (Aboabo): Assalamu alaikum jama'ar zaure. Walimar makarantarmu ta matso. Mun tsara 'yan mata shida za su fito, kowace ta yi shigar wata mace ta tarihi, ta ba da labarinta cikin minti uku. Bara Yaa Asantewaa da Sarauniya Amina muka yi, bara waccan ma su ne, har iyaye sun haddace. Don Allah ku kawo mini waɗanda suka yi aiki amma ba a cika ambatonsu ba.

Hajiya Mai Atamfa (Kejetia): Wa alaikumus salam. Malama, buɗe jakarki ki ciro kwandalar pesewa hamsin. Matar nan mai ɗankwali da ke jiki, Naa Dedei Aryeetey ce, wadda ake kira Dedei Ashikishan. Fulawa take sayarwa a kasuwar Makola har ta yi kuɗi na gaske, kuma da kuɗin nan ta tallafi jam'iyyar Nkrumah, ta tara masa matan kasuwa. Ta rasu a 1961, ko shekara arba'in ba ta cika ba. Kullum muna ba da canji da fuskarta, amma tambayi masu shaguna goma a layinmu, da wuya biyu su faɗi sunanta. Ki ba yarinyar kwandalar ta ɗaga sama, ta ce wa ya san wannan.

Ɗan Tech: Hajiya ta buɗe da zafi. Ni nawa biyu ne. Melody Danquah, mace ta farko da ta tuƙa jirgin sama a Gana, sojar sama ce, ta tashi ita kaɗai a 1964. Sai Letitia Obeng, wadda ta koyar da ilimin dabbobi a nan Kumasi tun shekarun 1950, ta yi digirin dakta a Ingila a kan ƙudan bakin kogi da ke makantar da mutane, daga baya ta yi bincike a tafkin Volta. Yaran da suka fito daga arewa sun san makafin da ake ja da sanda a ƙauyukan bakin ruwa, abin zai shige su.

Baba Liman (Tafo): Duk da kyau, 'ya'yana. Amma walimar makarantar Islamiyya ce, kada a cika fage da 'yan siyasa da sojoji a bar malamai. Ku fara da Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. An haife ta a 1793, ta rasu a 1864, kabarinta yana Hubbare a Sakkwato kusa da na mahaifinta. Ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa.

Ɗan Tech: Baba, Allah ya ƙara lafiya, ai Nana Asma'u sananniya ce. Makarantu nawa ke da sunanta?

Baba Liman (Tafo): Sunan aka sani, ɗana, aikin fa? Matan ƙauye ba sa iya barin gida su zo birni karatu, sai ta kafa 'Yan Taru. A kowane gari a zaɓi dattijuwa mai hankali da riƙon amana, a naɗa ta jaji, Nana ta ɗora mata malfa a ka ta naɗe da jan rawani. Jajin nan ita ke jagorantar tsofaffi da 'yan mata su taho Sakkwato a ƙasa, ɗauke da sadakar hatsi da zuma da tufafi, a raba wa mabukata. Su zauna gabanta su haddace waƙoƙin tauhidi da alwala da salla da tarihin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sannan su koma su koya wa matan aure a cikin ɗakunansu. Babu ginin aji, babu allon bango, amma karatu ya kai inda malami namiji ba ya shiga. Bayan rasuwarta ƙanwarta Maryamu ta ci gaba da riƙon abin. Duk mai zuwa karatun matan aure da daddare a zangon nan, ta san irin wannan hanya ce.

Malama (Aboabo): Na rubuta, Baba. Ita za ta buɗe fage.

Maman Biyu (Asawase): To ni da izinin Baba zan kawo 'yar siyasa, kuma ba zan janye ba. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya. Abin da mutanenmu da yawa ba su sani ba, jininmu ce ta nan. Mahaifinta Isa Amartey Amarteifio daga ƙasar nan ya tafi Nijeriya aikin jirgin ƙasa, ya auri Banufiya, aka haife ta a 1933. Tana 'yar shekara 17 ta shiga jam'iyyar NEPU ta Malam Aminu Kano, ta zama shugabar mata. Abin da take faɗa a bainar jama'a shi ne a daina aurar da ƙananan yara, a sa mata a makaranta, a ba matan arewa ƙuri'a. An ɗaure ta sau 16, an yi mata dukan kawo wuƙa, an kore ta daga Kano. Matan arewacin Nijeriya ba su samu damar zaɓe ba sai 1976. Ta rasu a 2001, yanzu akwai babban asibiti da sunanta a Zariya.

Baba Liman (Tafo): 'Yata, ban ƙi jarumtarta ba. Amma yarinya 'yar shekara goma sha biyu ta tsaya gaban iyaye tana alfahari da shiga kurkuku?

Maman Biyu (Asawase): Baba, ba sata ta yi ba. Don 'yan shekara goma sha biyun nan aka ɗaure ta, waɗanda ake cirewa daga aji a kai ɗakin miji. Ni iyayen nake so su ji, ba yaran ba.

Kawu Direba: Hajiya Gambo dai a sa ta. Wanda ya ji zafi, da shi ake.

Anti Nas (Nima): Gaisuwa daga Ankara. Na ga duk an tsallake arewacin Gana. Susanna Al-Hassan, haifaffiyar Tamale, ta yi makarantar Achimota, ta shugabanci makarantar 'yan mata a Bolga. Tana cikin mata 10 da suka shiga majalisa a 1960, a 1961 ta zama mataimakiyar ministan ilimi, daga baya cikakkiyar minista, mace ta farko a ƙasar nan. Ta kuma rubuta littattafan yara. Yaranmu na zango sun saba jin cewa manyan muƙamai na mutanen kudu ne, gara su ji wannan. Kafin ita akwai Mabel Dove, 'yar jarida, da ta ci zaɓen majalisa tun 1954.

Hajiya Mai Atamfa (Kejetia): Idan da sauran wuri, ga Esther Ocloo. Gwaggonta ta ba ta sule goma, ta sayi lemo da sukari da itace, ta dafa ta cika kwalabe goma sha biyu, ta bi ofisoshi tana talla, kowace kwalba sule ɗaya. Daga nan kamfaninta na sarrafa abinci, Nkulenu, ya tashi. Da ta ga banki ba ya kallon mai tallar kai, sai ta shiga cikin waɗanda suka kafa bankin tallafa wa mata na duniya a ƙarshen shekarun 1970, ita ce shugabarsa ta farko. Mu masu adashi mun san ciwon da ta gani.

Ɗan Tech: Theodosia Okoh fa, mai zanen tutar Gana?

Malama (Aboabo): Ita tana cikin littafin boko, sun yi ta a jarrabawa.

Yaya Mai Ɗinki (Yalwa): Ni tambaya gare ni. Duk waɗannan an rubuta su a wani wuri, shi ya sa muke iya kawo shekara da wata. Namu na cikin zango fa? Kakata ta yi shekaru tana koyar da allo a zauren gidanmu, rabin matan layin a hannunta suka sauke. Akwai ungozomar da ta karɓi haihuwar unguwa guda, akwai magajiyoyin da suka riƙe cinikin goro suka aurar da marayu. Ko hoto babu na wasunsu, kuma waɗanda suka san su suna ƙarewa. Malama, ki bar gurbi ɗaya. Ki tura yarinya da waya wurin tsohuwar da ta fi kowa shekaru a layinsu, ta ɗauki muryarta: wa ya koya miki karatu, wa ya ba ki jarin farko, wa ya karɓi haihuwarki.

Baba Liman (Tafo): Wannan na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Amma a nemi izinin iyalan kafin a ambaci sunan kowa a lasifika.

Malama (Aboabo): Allah ya saka da alheri. Ga yadda na tsayar: Nana Asma'u, Gambo Sawaba, Dedei, Susanna Al-Hassan, Melody Danquah, sai gurbin Yaya na shida. Letitia Obeng da Esther Ocloo sai baɗi, Hajiya a yi haƙuri. Baba, zan kawo maka rubutun Gambo ka duba kafin yarinyar ta fara hadda. Yanzu saura kaya. Wa ke da malfa? Kuma kayan sojan sama na yarinya 'yar aji biyar, Yaya, nawa za ki ɗinka mana?

Yaya Mai Ɗinki (Yalwa): Ku kawo yadi, ɗinki sadaka ne. Amma a turo ta awo kafin Juma'a, kayan biki sun yi mini yawa.

Kawu Direba: Malfa kuma ku bar mini. Ina da lodin Bolga ranar Laraba.