Man barkonon giyoza yana yi mini ɗaci

Assalamu alaikum. Sau 3 ke nan ina haɗa abin dangwalar giyoza (ƙananan ƙullin kwaɓin fulawa da ake cusa wa nama da ganye) irin na Japan, wato soya sos da ruwan kal na shinkafa daidai wa daida, sai ɗan man barkonon da Japanawa ke kira rayu, kuma a wurin man nake samun cikas. Idan na bar man riɗi ya fara hayaƙi sannan na juye shi kan garin barkono, nan take garin yake yin baƙi, ya ɗauki ƙauri da ɗaci. Da na bari ya huce sosai kuwa, sai ya fito ba ja ba yaji. Tunda ba ni da ma'aunin zafi, wace alama zan duba in gane lokacin juyewa ya yi?