Ruwana ya kai digiri 52 a akwati mai lita 11: in canza famfo ne ko in yanke murfi?

Ɗan Lita Goma

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawarar waɗanda suka riga ni shiga harkar sanyaya kwamfuta da ruwa nake nema, don abin ya fara damuna sosai.

Wata uku ke nan da na gama haɗa kwamfutata a ƙaramin akwati mai lita 11, irin wanda madabod ke zama a fuska ɗaya, katin hoto a ɗaya fuskar, sun juya wa juna baya, igiyar PCIe mai lanƙwasa tana haɗa su. Madabod ɗin Mini-ITX ne, milimita 170 kowane gefe. Fawa ƙarama ce, irin SFX. Furosesa Ryzen 7 5800X, kati RTX 3080, kowanne da bulok ɗinsa na jan ƙarfe mai rufin nikel, wanda ruwa ke bi ta cikinsa ya ɗauke zafi. Lagireto ɗaya ne tak a sama, na 240, wato mai gurbin fanka biyu na milimita 120, kaurinsa milimita 30, sai fankoki biyu sirara masu kaurin 15, don da na gwada masu 25 murfin ƙin rufuwa ya yi. Famfo DDC ne, da ɗan tankin da bai fi babban batirin tocila ba. Tiyo kuwa mai tauri na sa, na robar PETG, ni na lanƙwasa shi da iska mai zafi, sai da na ɓata tsayi huɗu kafin hannuna ya faɗa.

Ba zan ɓoye muku ba, ina son na'urar nan. Kwana biyu na yi ina ɗura mata ruwa da sirinji, in kunna famfo na daƙiƙa uku in kashe kafin tanki ya ƙafe, in kwantar da akwatin ta gefe, in ɗaga gindinsa, ina jin kumfa tana gudu a cikin lagireto kamar ana zuba tsakuwa a gwangwani. Ranar da ƙarar ta ɗauke, zama na yi ina kallon ruwan yana zagayawa shiru har dare ya raba.

To ga matsalar. Aikina haɗa bidiyo ne da zane a manhajar Blender, wani lokaci furosesa da kati duka su ɗau kaya na sa'a biyu ba hutawa. Na ɗaura sensa a bakin lagireto. In ɗakin yana digiri 28, kafin minti arba'in ruwan ya kai 52, fankokin suna ihu a ƙarshen gudunsu, murfin sama kuwa ba ka iya barin tafin hannu a kai. Furosesa tana taɓa 90, inda take fara rage gudu da kanta.

Abu uku ke min yawo a kai. Ko in nemi yadda zan cusa famfon D5 tunda an ce ya fi tura ruwa da yawa. Ko in sake jerin, ruwa ya fara bi ta furosesa kafin kati, don yanzu ruwan da kati ya ɗumama ne ke zuwar mata. Ko kuma in yanke murfin sama in sa raga, don ramukansa ƙanana ne. Na ukun ne nake tsoro, alminiyom ne, in na ɓata shi ke nan.

Tsohon Makaniki

Wa alaikumus salam. Ƙanena, ajiye batun famfo da batun jeri, ba nan ciwon yake ba. Ɗauko biro mu yi lissafi.

Kafin giram ɗaya na ruwa ya ƙaru da digiri ɗaya, sai ya sha jul 4.18 na zafi. In famfonka na tura ko da lita 100 a sa'a, wanda DDC mai lafiya ba zai gaza ba, ana buƙatar kimanin wat 116 kafin ruwan ya hau da digiri ɗaya a zagaye guda. Katinka na cin wat 320, furosesarka an yarje mata har 142, jimilla 462. Raba ka gani: tsakanin wuri mafi zafi da wuri mafi sanyi a duk zagayen, digiri huɗu ne ko ƙasa. Ruwan da ke zuwa wa furosesa daga kati bai fi digiri uku ya ɗara wanda ya fito daga lagireto ba. A kan digiri uku za ka kwance tiyon da ka sha wahalar lanƙwasawa? Ƙa'idar jeri ɗaya ce na sani ba a wasa da ita: tanki ya zama shi ke ba famfo ruwa kai tsaye, don ruwan ne ke jiƙa ƙwallon da injin ke juyawa a kai. Ya yi gudu a bushe, ya tafi.

D5 kuma ba zai ba ka komai a nan ba. Gaskiya ne ya fi yawan ruwa kuma ya fi shiru, amma DDC ya fi shi ƙarfin turawa inda hanya ke da matsi, kuma akwatin da ya cika da gwiwoyi masu kusurwa 90 kamar naka matsi ne tsantsa. Ga girma, ina za ka sa shi?

Lambar da za ka riƙe ita ce 24, wato 52 a cire 28. Ita ke gaya maka lagireton ya gaza. Ruwa ba ya cinye zafi, ɗaukarsa kawai yake ya kai inda iska za ta kwashe. Masu harkar nan kan ƙiyasta gurbin fanka ɗaya na 120 ga kowane wat 100 ko makamancin haka in ana son natsuwa, kai kuma ka ɗora 460 a kan gurbi biyu, da sirarun fankoki, da murfi a toshe. Abu biyu ne gabanka: ka rage zafin da ke shiga, ko ka ƙara iskar da ke fita. Kafin ka taɓa ƙarfe, cire murfin gaba ɗaya ka sake gwajin minti arba'in. Abin da ya ragu, shi ne iyakar abin da yanka zai ba ka.

'Yar Sensa

Malam Ɗan Lita, ni abin da ya ɗaga min hankali a bayaninka PETG ne da digiri 52 a wuri ɗaya. Don Allah kada ka sake barin ta tana aiki ba ka kusa har sai ka gyara wannan.

Ni ta faru da ni. Ruwana yana yawo kusa da 50, ban ɗauka komai ba ne. Ashe bakin tiyon da ke cikin mahaɗi yana laushi a hankali, zoben roba yana matse shi har ya yi masa ƙugu. Wata rana na dawo na tarar da ɗigo yana bin bayan kati yana sauka kan fawa. Da na zare tiyon, bakinsa ya tsuke kamar an murɗe shi da yatsa. Allah ya taƙaita, kwana uku na shanya kayan suka tashi. PETG ya fi akirilik saurin laushi, kuma ƙananan akwatuna ruwansu zafi gare shi. Tun daga nan na koma baƙin tiyo na robar EPDM, mai faɗin milimita 10 ciki 16 waje. Ba a ganin ruwa a cikinsa, na sani, amma ba ya narkar da sinadarin da farin tiyo mai laushi ke zubarwa ya toshe ƙananan haƙoran bulok, kuma za ka iya ɗaga kati ka duba abu ba sai ka zubar da ruwa ba. Ka tuna famfon kansa digiri 60 aka ƙayyade masa, kuma DDC ba kamar D5 yake ba da ruwa ke ɗauke masa zafi, gindinsa na buƙatar iska.

Sai rage wuta. Buɗe manhajar MSI Afterburner ka sauke boltej ɗin katin, ka daidaita layin boltej da gudu a inda ya tsaya ba ya faɗuwa. A BIOS kuma, wato saitin madabod, akwai Eco Mode, yana mayar da iyakar furosesar daga wat 142 zuwa 88. Kuma ka ɗora gudun fankoki a kan zafin ruwa, ba na furosesa ba, tunda kana da sensa.

Mai Magagari

In gwajin Baba Makaniki ya nuna yanka zai yi amfani, ka yanka, alminiyom bai kai yadda kake jin tsoronsa ba. Sai dai ka cire murfin ka kai shi wani ɗaki daban. Garin ƙarfe ƙwaya ɗaya a kan madabod ya isa.

Lulluɓe fuskar duka da salatif na takarda, ka zana a kansa. Huda kusurwoyi huɗu da dirila tukuna, sannan ka haɗa su da faifan yanka na ƙaramin injin Dremel, kana bin cikin layi da kamar milimita ɗaya, ragowar magagari zai cinye. Kada ka danna, bar faifan ya ci da kansa, alminiyom na da laushi yana liƙe wa faifai in ya yi zafi. Sa tabarau, faifan nan yakan fashe. Bar baki na aƙalla milimita 10 a kewaye don murfin kada ya yi lauje.

Gargaɗi ɗaya daga abin da ya same ni: in ka sauya kaurin fanka, ka sauya tsawon sukuru. Na taɓa ɗaure fanka mai 15 da sukurun mai 25, na ji ya ɗan yi tauri na ƙara murɗawa, ashe hanyar ruwan lagireto nake hudawa.

Bawan Shiru

Ni dai a ganina wahala kake saya. Fitar da tiyo biyu ta baya da mahaɗi mai cirewa ba ɗigo, ka ajiye babban lagireton waje MO-RA 360 na kamfanin Watercool a ƙarƙashin tebur. Fanka tara yake ɗauka a fuska ɗaya, ko juyawarsu ba za ka ji ba.

Ɗan Lita Goma

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Mako biyu na yi shiru don ina so in dawo da lambobi a hannu.

Bawan Shiru, maganarka gaskiya ce ta fuskar sanyi, amma ni dalilin ginin nan shi ne in zura ta a jakar goyo in tafi wurin aiki da ita. Ranar da ta koma tana jan wani lagireto a baya, ta tashi daga abin da na yi mafarkinsa.

Baba, na cire murfin kamar yadda kuka ce. Ɗaki yana 28, ruwa ya tsaya a 47. Digiri biyar ke nan murfi kaɗai yake ci. Lissafinku kuma na gwada shi, na matsar da sensa zuwa ɗaya bakin lagireton, bambancin bai kai digiri huɗu ba. Na bar famfo da jeri yadda suke.

Yaya 'Yar Sensa, ranar da na karanta saƙonki na kashe ta na zubar da ruwan. Tiyon da ke fitowa daga kati, bakinsa ya fara yin ƙugun nan da kika faɗa, ana jin sa da farce. Jikina sai da ya yi sanyi. Na koma EPDM gaba ɗaya. Wuri ɗaya ya ba ni wuya, tsakanin bulok ɗin furosesa da lagireto, tazarar gajeriya ce har tiyon yana neman karyewa, sai na sa mahaɗi mai juyawa na kusurwa 45 ya ba shi hanya. Kafin in zuba ruwa na hura iska da ɗan famfon gwaji zuwa matsin rabin "bar", allurar ba ta motsa ba har minti ashirin. Duk da haka sai da na shimfiɗa tishu ƙarƙashin kowane mahaɗi, na zare wutar madabod da ta kati, na haɗa koriyar wayar fawa da baƙa don famfo kaɗai ya tashi, na bar shi ya kwana. Ruwan tatacce ne da maganin hana tsatsa da gansakuka, marar launi. Na duba kuma na tabbatar babu alminiyom ko ɗaya a hanyar ruwan, don kada ya haɗu da jan ƙarfe su ci juna.

Katin yanzu yana cin wajen wat 240, aikin da yake gamawa a minti goma ya ƙaru da 'yan daƙiƙoƙi kawai. Eco Mode kam na ji shi a dogon aiki, furosesa ta ɗan yi nauyi, sai na ɗaga iyakar da hannu zuwa 110.

Murfin kuma na yanka. Hannuna rawa yake a layin farko, faifan ya zame ya ja ɗan zane a gefen hagu, tsawon farce, salatif ne ya tare mafi yawansa. Sa'a ɗaya na yi da magagari har bakin ya daina kama yatsa, na liƙa baƙar raga ta ciki. Jiya na yi aikin sa'a biyu: ɗaki 28, ruwa 41, furosesa 78, fankoki ba su wuce kashi 70 cikin ɗari ba.

Saura abu ɗaya. Duk lokacin da na ɗauke ta a jaka na ajiye, famfon yakan yi ƙarar kumfa na kamar minti biyar kafin ya lafa. Tankin a cike yake, sai ɗan sarari kamar faɗin ƙwayar shinkafa a sama. Mai Magagari, akwai ƙofar ɗaura mahaɗi, irin G1/4, da ba na amfani da ita a saman lagireton, daidai ƙarƙashin ragar. In na ƙara huda murfin a wurin na fito da bakin ɗura ruwa, iskar za ta taru a can ta bar famfon, ko in bar shi haka?