Ina kishiyoyin ƙwayoyin da suka haɗa atam suka tafi? Abin da na tsinta a wata muhawara

Wanda ya tayar da zancen ya tambaya ne: tunda kowace ƙwaya, irin su ilektiron da ke cikin atam, tana da kishiya, wato takwararta mai nauyi ɗaya amma cajinta akasin nata, kuma in suka haɗu sai su hallaka juna su zama haske, yaya aka yi wani abu ya saura har aka sami taurari?

Shawarar da aka fi nanatawa ita ce a fara da tarihi kafin lissafi. Masanin kimiyya Dirac ya hango kishiyar ilektiron a lissafinsa na 1928, wani masanin, Anderson, ya gano ta a 1932. Daga nan sai sharuɗɗa uku da masanin kimiyya Sakharov ya kawo a 1967, waɗanda sai sun cika ƙwayoyi za su fi kishiyoyinsu yawa: dole adadin ƙwayoyin baryon (irin su proton da neutron na tsakiyar atam) ya iya canzawa, dokokin halitta su ɗan fifita ɓangare ɗaya, kuma abin ya faru lokacin da sararin samaniya bai daidaita da zafinsa ba.

Wani ya ja kunne a kan adadi, kuma ni ma nan na fi tsayawa. Rarar da ƙwayoyi suka yi a kan kishiyoyinsu ƙanƙanuwa ce ƙwarai, kusan ƙwaya ɗaya cikin biliyan. Duk abin da ido ke gani ragowar nan ce. Ɗan bambancin hali tsakanin ƙwaya da kishiyarta da masana Cronin da Fitch suka gano a 1964 gaskiya ne, amma bai kai ya bayyana wannan rara ba.

Masu cewa kishiyoyin suna ɓoye a wani gefen sama ba su sami goyon baya ba, domin iyakar da ɓangarorin suka haɗu za ta riƙa fitar da hasken gama (haske mai tsananin ƙarfi da ido ba ya gani), kuma ba a gan shi ba.