Laccar lambu da darasin girki a tsofaffin gidajen manyan Ingila: wanne ya ci kuɗinsa?

Uwar Biyu:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ga mu da ke zaune a Ingila, kusan kowane gari akwai wani tsohon gidan masu sarauta a kusa da shi, irin waɗanda ƙungiyar kula da wuraren tarihi ta National Trust ke riƙe da su, kuma kullum suna tallar laccar lambu, darasin girki, da bukukuwan kaka. Tambayata uku ce. Wanne ne mutum zai je ya dawo da abin da zai yi amfani da shi a ɗan filin bayan gida? Abin da suke koyarwa zai taimaka wa mai son shuka alayyahu, kuɓewa da yakuwa? Sannan darasin girkin, Musulma za ta iya shiga hankalinta kwance?

Mai Fangali:
Wa alaikumus salam Hajiya. Fara duba abu ɗaya kafin ki biya ko sisi: gidan yana da lambun kayan miya mai katanga da ake nomawa har yanzu? In yana da shi, laccar za ta yi amfani, domin mai bayanin shi ne mai noman wurin. In furanni da ciyawa kawai ne, yawon buɗe ido za ki yi.

Waɗannan lambuna su ne suke ciyar da gidan a da, har da barori. Katangar bulo ce mai tsayin mita 3 zuwa 4, tana tare iska, tana shan zafin rana ta sake shi da dare, shi ya sa ake jingina bishiyoyi masu son ɗumi a bangon da ke kallon kudu. A Clumber Park da ke Nottinghamshire an rushe babban gidan tun 1938, amma lambun yana nan, da ɗakin gilashi na renon shuka mai tsawon kusan mita 137. Audley End a Essex, wanda ke hannun wata ƙungiyar kula da wuraren tarihi, English Heritage, yana da lambun da ake nomawa ba da maganin zamani ba. West Dean kusa da Chichester ya yi suna da ɗakunan gilashinsa da barkono. A Heligan da ke Cornwall ma har abarba suke nomawa a rami, da zafin da kashin doki ke fitarwa idan yana ruɓewa.

Abin da za ki koyo shi ne kalandar wurin. Manomin gida ruwa yake jira. A nan sanyi ake jira ya wuce. Raɓar da ke daskarewa da dare tana iya sauka har tsakiyar Mayu a kudancin Ingila, a arewa kuwa har ƙarshen Mayu ko farkon Yuni, kuma dare ɗaya ya isa ya kashe tumatir da kabewa. Tambayi mai lambun ranar da su suke fitar da dashensu waje, ki rubuta. Wannan ranar ta fi duk abin da aka buga a bayan fakitin iri, domin ta unguwarku ce.

Tumatir ana renonsa a cikin gida daga ƙarshen Fabrairu zuwa Maris, a ɗumin digiri 18 zuwa 21. Kabewa a Afrilu, ƙwaya ɗaya a kowace ƙaramar tukunya, a tsaye a gefenta don kada ruwa ya kwanta mata ta ruɓe. Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar dashe daga ɗaki mai hita a dasa shi waje rana ɗaya. Sai ganyen ya yi fari-fari ya tsaya cak. Kwana 10 zuwa 14 ake yi ana fitar da shi da rana ana mayarwa da yamma, kafin a bar shi ya kwana a waje.

Ɗan Fadama:
Bari in ɗauki tambaya ta biyu, don a nan ne mutanenmu suke asarar iri. Masu lambun nan ba lallai su san yakuwa ba, amma sun san abin da ke hana ta, wato tsawon yini. A Kano yini ba ya wuce awa 11 zuwa 13 duk shekara. A Landan yana haura awa 16 a watan Yuni, a Disamba kuma bai kai 8 ba. Wasu shuke-shuken da tsawon yini suke gane lokacin fure.

Alayyahu shi ne mai sauƙi, dogon yinin ma alheri ne gare shi, domin yana jinkirta masa fure ya yi ta ganye. A shuka waje daga ƙarshen Mayu zuwa Yuni idan ƙasa ta yi ɗumi, a gauraya irin da yashi tunda ƙanana ne, layi da layi santimita 30, in ya tsiro a rage shi zuwa tazarar santimita 15 ko 20. A riƙa yanke kansa, zai yi ta toho har Satumba.

Yakuwa za ta ba ki ganyen miya a ɗakin gilashi ko rumfar leda, amma kada ki sa ran zoɓo. Ba ta fure sai yini ya gajarce, kuma a nan hakan ba ya faruwa sai ƙarshen Satumba, lokacin da sanyi ya riga ya shigo. Rama da lalo ma haka, ganye kawai, a ƙarƙashin rufi. Albasar gida ita kuma akasin haka take yi: dogon yini yana sa ta fara ƙulla kai tun tana ƙarama, ki tone ki ga ba ta wuce goro ba. Sayi irin albasar nan kawai.

Kuɓewa a waje wahalar banza ce a yawancin shekaru. A ɗakin gilashi tana yi: a jiƙa irin ya kwana, a shuka a Afrilu a ɗumin da ya haura digiri 20, kowace a tukunyarta don ba ta son a taɓa mata saiwa. Attarugu ya fi kowa jan lokaci. In ba a shuka shi a Janairu ko farkon Fabrairu ba, a ɗumin digiri 25 zuwa 28, to Oktoba za ta same shi ɗanye. Gauta ma ɗaki ɗaya suke kwana da shi.

Game da iri kuma, Hajiya, kada a cusa shi a akwati daga gida. Galibin iri da tsiro ba a shigo da su Birtaniya sai da takardar shaidar lafiyar tsiro. Tarukan musayar iri da ake yi a Fabrairu, irin na Brighton, sun fi sauƙi, kuma alayyahun da mutanen Jamaika da Bangaladesh suka daɗe suna nomawa a filayen haya na nan ya riga ya saba da yanayin.

Mai Fangali:
Na yarda da Malam, sai dai in ƙara abu biyu da ake yawan tattaunawa a laccocin, waɗanda mai zuwa daga gida bai san su ba.

Dodon koɗi mara ɓawo. Da dare yake fitowa, ya cinye layin alayyahu ɗan tsiro kafin asuba. An hana amfani da ƙwayar maganin kashe shi mai suna metaldehyde a Birtaniya tun 2022. Wadda ake sayarwa yanzu mai sinadarin ƙarfe ce, ana barbaɗa ta jefi-jefi, ba tulawa ba. Ban ruwa da safe maimakon yamma yana rage ɓarnar, haka ma dasa tsiron da ya yi ƙwari maimakon shuka kai tsaye.

Na biyu takin doki. Ana samunsa kyauta ko da araha, amma wani lokaci dokin ya ci ciyawar da aka fesa wa maganin kashe ciyayi mai suna aminopyralid, wanda ba ya mutuwa a cikin dabba. Alamarsa ganyen tumatir, dankali da wake su nannaɗe su ƙanƙance. Kafin a zuba, a cika tukunya biyu, ɗaya da takin gauraye da ƙasa, ɗaya da ƙasa zalla, a shuka wake a duka biyun, a jira mako 3. In na takin ya murɗe, kada ya shiga lambu.

Hajiya Mai Tukunya:
'Yar'uwa, batun girki ya danganta da wata. Daga Yuli zuwa Oktoba darussan galibi na adana amfanin lambu ne: jam, ruwan tuffa, da wani haɗin tuffa da albasa mai tsami da suke kira catni. Waɗannan ba su da matsala, kuma su ne masu amfani. Na Nuwamba da Disamba su ne na taka-tsantsan, domin kek da fudin na Kirsimeti da barasa ake jiƙa su, ana kuma sa kitsen sa wanda ba yankan Musulmi ba. Tsohon girkin Turawa yana yawan amfani da kitsen alade wajen kwaɓin fulawa, kayan zaƙi masu daskarewa kuma da jelatin. Ki rubuta musu kafin ki yi rajista ki tambayi waɗannan huɗun da sunansu. Sun saba da tambayar abin da mutum ba ya ci, kuma akwai madadi: bota, kitsen ganye, ruwan lemo. A bambanta kuma darasin da za ki sa hannu da wanda kallo ne kawai. A Audley End, misali, akwai ranakun da ake nuna yadda ake aiki a kicin na shekarun 1880, da tufafin zamanin. Yara suna jin daɗinsa, amma ba darasi ba ne.

Jam: kilo 1 na 'ya'yan itace, kilo 1 na sukari. A narkar da sukarin a ƙaramar wuta tukuna, sai ya narke sarai a ƙara wuta. In aka gaggauta, zai yi tsakuwa-tsakuwa a kwalba. Yana kamawa a digiri 104 zuwa 105. In babu ma'auni, a sa faranti a firiza, a ɗiga kaɗan, bayan minti ɗaya a tura da yatsa. In ya yamutse ya yi. Sitiroberi ba shi da sinadarin da ke sa kauri sosai, sai an matse lemon tsami babba guda ɗaya a kowane kilo.

Catni: tuffar girki kilo 1 (Bramley, wadda asalinta daga Southwell ne, daga ƙwayar da aka shuka a 1809), albasa giram 500, dabino ko zabibi giram 250, jan sukari giram 400, ruwan khal rabin lita, gishiri ƙaramin cokali, citta da barkono yadda ake so. Wuta kaɗan-kaɗan awa ɗaya da rabi zuwa biyu. Idan kika ja muciya a gindin tukunya hanyar ta tsaya ba ruwa ya rufe ta nan take ba, ya yi. Kada a dafa a tukunyar dalma ko ta tagulla, tsamin yana cin su ya ɓata ɗanɗano. A zuba da zafinsa a kwalaben da aka gasa a oben minti 15 a digiri 130, murfin ya zama mai rufin roba a ciki. A bar shi mako 6 zuwa 8. In aka buɗe da wuri khal ɗin kawai za a ji. Da tsire ko gasasshen kaza yana tafiya sosai.

Gargaɗi ɗaya da ya shafe mu musamman: kada a zuba ɗanyen attarugu ko tafarnuwa a cikin mai a ajiye a kabad. Inda babu iska babu tsami, ƙwayar cutar da ke kawo gubar botulizim tana iya yaɗuwa, kuma ba wari ba alama. A busar, a daka yaji, ko a sa a firiza.

Ɗan Fadama:
A bukukuwan, Ranar Tuffa ce ta fi. Ƙungiyar Common Ground ce ta fara ta ranar 21 ga Oktoba 1990 a Covent Garden, yanzu gidaje da yawa suna yin tasu a cikin watan. Mai bishiyar tuffa a gidan haya da bai san irinta ba ya kai 'ya'ya uku lafiyayyu da ɗan reshe mai ganye, sau da yawa akwai masu tantancewa. Ana kuma matse ruwan tuffa a gaban mutane, kilo 2 zuwa 3 yana ba da lita ɗaya. Ku lura: ruwan da aka matse yau halal ne, amma in aka bar shi a waje kwana kaɗan zai fara tsima ya koma giya da kansa. A sha cikin kwana biyu-uku daga firji, ko a daskarar, ko a jera kwalaben a cikin ruwan zafi har na ciki ya kai digiri 75 ya tsaya a haka minti 20. A rumfunan sayarwa, abin da aka rubuta wa cider giya ne, ba ruwan tuffa ba. Bikin wasel na Janairu kuwa, inda ake zuba giyar a gindin bishiya ana kaɗa tukwane da waƙa don korar iskoki bisa tsohuwar al'adarsu, kowa ya san matsayinsa a kai.

In kuɗin darasi ɗaya ne da ke, Hajiya, ki ajiye su don na auren tuffa a Fabrairu ko Maris. Wanda ya san mangwaron aure ya san rabin aikin. Ana yanko reshe ɗan shekara ɗaya mai kaurin fensir a Disamba ko Janairu, a naɗe a jiƙaƙƙiyar takarda cikin leda a firji. Gindin da za a aura masa shi ke yanke girman bishiyar: bishiyar da aka aura a gindin da ake kira M27 ba ta wuce mita 2, ta dace da tukunya, M26 tana kai mita 3, MM106 tana fin haka, sai mai fili. Ana yi wa reshen da gindin kowanne yankan karkace na santimita 3 zuwa 4, a tsaga ɗan harshe a kowanne su saƙale juna, a ɗaure da tef, a rufe saman da kakin zuma. Abin da ke kashe aure uku ne: wuƙa mara kaifi, reshen da ya riga ya fara toho, da rashin haɗuwar koren da ke ƙarƙashin ɓawo. In kaurinsu bai zo ɗaya ba, a daidaita gefe guda sosai, ya wadatar. Yawanci mutum da bishiyarsa yake komawa gida.

Uwar Biyu:
Allah Ya saka da alheri. Saura batun kuɗin shiga, tunda mu biyar ne.

Mai Fangali:
Kuɗin darasi daban yake da na shiga, ko da kina da katin shekara na National Trust, kuma katin ba ya aiki a gidajen English Heritage. Zagayen lambu tare da mai lambun kuwa sau da yawa yana cikin kuɗin shiga. A Satumba akwai ranakun Heritage Open Days da wurare da dama ke buɗewa kyauta, wasu sai an yi rajista tun da wuri. Akwai kuma aikin sa-kai: rabin yini a mako a lambun katanga, ana koyon askin bishiya da haɗa taki hannu da hannu ba a biya komai ba. A tafi da takalmin roba da safar hannu, kuma a tambaya ko suna biyan kuɗin mota.