Yaya ake fahimtar da ɗalibai batun "niyya" a laifin kisan ƙare-dangi?

Malamai, ina neman shawararku. Ɗalibai 'yan shekara 15 zuwa 17 suna gane bambancin kotunan Hague biyu: Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya (ICC) tana shari'ar mutane, Kotun Duniya (ICJ) kuma ta ƙasashe. Inda darasi ke cijewa shi ne Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1948 kan kisan ƙare-dangi. Suna ɗauka yawan gawarwaki ne ke tabbatar da kisan ƙare-dangi, alhali dole sai an nuna niyyar hallaka wata ƙabila, al'umma, masu launin fata ɗaya ko mabiya addini, gaba ɗaya ko sashensu. Hukuncin da kotun Majalisar Ɗinkin Duniya kan kisan ƙare-dangin Ruwanda ta yanke wa Jean-Paul Akayesu, wani tsohon magajin gari, a 1998 ya bayyana yadda ake gano niyya daga ayyuka da kalamai, amma shaidun fyaɗen da ke cikinsa sun yi wa yara nauyi. Wane sashe kuke karanta musu, kuma da wane aikin aji kuke bambanta kisan ƙare-dangi da laifukan yaƙi cikin minti 40?