Wai jini zai iya tona asirin ciwon waswasi?

Nura: Jama'a, a raba min gardama. Ƙanwata ta shekara uku tana fama da ciwon waswasi, wanda likitoci ke kira OCD. Takan wanke hannu har fatar bayan yatsunta ta tsattsage, ta kulle ƙofa ta dawo ta murɗa sau goma. Ni na ce ƙarancin sinadarin serotonin ne a ƙwaƙwalwa, a ɗebi jini a auna. Likitan da ya gan ta ko ɗigo bai ɗiba ba, tambayoyi ya yi ta jero mata kusan awa guda. Ban gamsu ba.

Anti Rabi: Allah ya ba ta lafiya. Nura, a ɗakin gwaje-gwaje nake aiki, kuma da ka kawo min jinin nan da kuɗinka ka zubar. Kusan kashi 90 cikin 100 na serotonin ɗin jiki a hanji ake samar da shi. Wanda ke cikin jini ƙwayoyin da ke daskarar da jini ne ke ɗauke da shi, kuma ba ya iya ƙetare shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa. Ka leƙa rijiyar maƙwabci ne kana lissafin ruwan taka.

Nura: To Anti, me ya sa maganin da ke ƙara serotonin yake aiki? Tun da ta fara sertraline an ga sauƙi.

Malam Bashir: A nan ina bayan Nura. Tun shekarun 1960 likitoci a Sifaniya suka lura maganin clomipramine na rage waswasi, Amurka ta amince da shi don wannan ciwo a 1989. Da aka gwada shi da desipramine, ɗan'uwansa da bai cika taɓa serotonin ba, clomipramine ne ya yi tasiri. Ruwa ba ya tsami banza.

Anti Rabi: Malam, paracetamol na kashe ciwon kai, amma ba rashin paracetamol ke kawo ciwon kai ba. Maganin kan ɗaga serotonin cikin sa'o'i, sauƙin kuwa sai an jira mako 8 zuwa 12. Kuma kashi 40 zuwa 60 ne kawai na masu sha ke samun sauƙi mai gamsarwa. Ina sauran?

Hafsat: Bari in sa ku dariya. A 1999 Donatella Marazziti ta Jami'ar Pisa a Italiya ta auna furotin ɗin da ke jigilar serotonin a ƙwayoyin jinin mutum 20 masu OCD, da wasu 20 da suka faɗa soyayya kwanan nan. Duka biyun ya yi ƙasa da na sauran lafiyayyu, kusan daidai wa daida. Yaya Nura, da irin gwajin da kake nema, rabin masu sabuwar soyayya sai a rubuta musu magani.

Malam Bashir: Kin ci wannan. Amma kada a maida binciken jini abin wasa. A 1998 Susan Swedo ta bayyana yara 50 da waswasi ya afka musu dare ɗaya bayan ciwon maƙogwaro na ƙwayar strep, abin da aka sa wa suna PANDAS. A irin wannan ai ana ɗibar jini.

Anti Rabi: Ana ɗiba. Abin da gwajin ASO ke faɗa shi ne yaro ya haɗu da ƙwayar cutar kwanan baya, yara lafiyayyu da yawa ma haka nasu zai nuna. Har yau masana na jayayya kan PANDAS ɗin kansa. Haka BDNF, furotin da ke raya jijiyoyin ƙwaƙwalwa, an same shi ya ragu a jinin masu OCD, amma yana raguwa a masu ciwon damuwa ma. Matsakaicin rukuni biyu na iya bambanta alhali lambobin mutanen cikinsu sun cakuɗe, ba za ka kalli ta mutum ɗaya ka ce ga ɓangarensa ba.

Hafsat: Ni glutamate ya fi ɗaukar min hankali. A 2023 masu bincike a Jami'ar Kambirij suka yi amfani da na'urar hoton ƙwaƙwalwa mai ƙarfin Tesla 7, suka ga rashin daidaito tsakanin glutamate mai zuga jijiyoyi da GABA mai kwantar da su, a sassan gaba masu lura da kuskure da sarrafa ɗabi'a. Amma a cikin kai aka gani, ba a kwalbar jini ba.

Anti Rabi: Ga wanda na fi so. A 1992 Lewis Baxter a Kalifoniya ya ɗauki hoton ƙwaƙwalwar masu ciwon kafin jinya da bayanta. Wasu maganin fluoxetine suka sha, wasu horo kawai aka yi musu: ka taɓa abin da kake ƙyama, ka daure ba ka wanke ba. A waɗanda suka samu sauƙi, duka ɓangarorin, aikin sashen caudate ya lafa. Horon ma sinadaran yake taɓawa.

Nura: To tambayoyin likitan fa?

Anti Rabi: Wataƙila Y-BOCS ya yi mata, ma'aunin tsananin waswasi, tambayoyi 10, maki daga 0 zuwa 40, ana amfani da shi tun 1989. Lambar da kake nema ke nan. Ka tambaye ta nawa ta samu da farko, nawa ne yanzu.

Malam Bashir: Ni har yanzu ina kan bakana, wata rana jini zai yi magana.

Nura: Na tambaye ta. Ta ce 29 ne, yanzu 18. Amma ba wanda ya taɓa yi mata zancen horon nan. Anti, me ake kiransa in na je nema?

Anti Rabi: Ka ce ERP. Kuma kada ta daina maganin da kanta.